Ranar da Jitata Ta Kasa Ta da Hajja

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata mutum ya manta ba. Amma yinin bikin ƙanwata, da abin da ya faru a tsakar gidanmu na Jakara bayan la'asar ɗin nan, wannan kam sai dai in tafi da shi kabari. Ba zan kama sunan kowa ba. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma in sun karanta za su gane kansu.

A shekarar da soja suka fara mayar wa farar hula mulki ne. Gari ya cika da hayaniya, duk inda ka juya motar 'yan siyasa ce da lasifika a ka, kowa na so ya fi ɗan'uwansa ƙara. Ni kuwa a lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, kuma babu abin da ke kaina sai jita mai lantarki. A Sabon Gari na koye ta, wurin wata ƙungiyar makaɗa, a ɓoye da farko. Mu asalinmu Barebari ne, kakanninmu fataken kanwa, har lokacin ma mahaifina yana da rumfar kanwa a Kurmi. Da labari ya kai masa sai da ya yi watanni yana amsa gaisuwata a daƙile. A wurinsa ɗan gidan fatake ba ya kiɗa, shi ake yi wa.

Allah ya ba ni hannu, wannan ba yabon kai ba ne. Nakan ɗora faifan garmaho na makaɗan ƙasashen waje, in murɗa shi ya riƙa gudu fiye da yadda aka yi shi, sannan in bi shi da yatsu har sai na kamo shi. Kan yatsuna duk ya yi kanta. Abokaina suka laƙaba mini Walƙiya, ni kuma kaina ya kumbura har na fara amsawa. Ma'aunin makaɗi a wurina ɗaya ne tak, wato sauti nawa zai iya zubarwa kafin mutum ya ƙifta ido. In na ji wani yana kiɗa a hankali sai in ce a raina, wannan hannu ne ba shi da shi. Har yau ina son saurin hannu, ba zan yi ƙarya ba. Akwai wani daɗi da ke ratsa mutum in yatsu suna gudu a kan tsirkiya babu tuntuɓe. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne ba shi kaɗai ne kiɗa ba.

Kakarmu, mahaifiyar mahaifinmu, Hajja muke ce mata. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, amma in ta yi sai ta zauna. Tsakanina da ita akwai wasan jika da kaka, "mijina" take ce mini, jitar kuma ta sa mata suna "ƙwaryar nan mai wutsiya", saboda wayar da ke binta. Mahaifiyarmu 'yar ƙanen Hajja ce, ta rasu ƙanwata tana goye, don haka a ɗakin Hajja yarinyar ta tashi, a gadonta take kwana har ta girma.

To, ƙanwar tawa ta samu wanda take so, malamin makaranta ne ɗan unguwar Zaitawa, gidan mutunci. Sai dai ita ce 'ya mace ta farko a gidanmu da za ta auri wanda ba Babarbare ba. Tun da aka sa rana Hajja ta ƙara shiru, abinci ma sai an matsa mata. Mu na gida mun san zafin rabuwa ne ke cin ta. Amma bakin mutane ba ya jiran bayani, nan da nan magana ta zaga cewa tsohuwa ba ta yi na'am da auren ba, har ta kai kunnen uwar ango.

A gidanmu akwai wata al'ada. Ran yini, bayan la'asar, mata kan yi da'ira a tsakar gida, a zaunar da amarya a lulluɓe. Babu mai shiga fili sai an kaɗa taken gidanmu, wato kiɗan da ake yi wa gidan shi kaɗai, babbar mace ta tashi a kansa, ta taka har wurin amarya, ta kama hannunta ta damƙa wa uwar ango. Wannan ne shaidar cewa gida ya bayar da zuciya ɗaya. In babba ba ta tashi ba, ba sai an yi wa kowa fassara ba. Ni dai labarin abin nake ji, ban taɓa gani ba, don maza ba sa shiga yini sai makaɗi.

Makaɗin kuwa mutum ɗaya ne, wani tsoho da muke kira Baba mai kukuma, ɗan ƙaramin gogen nan mai tsirkiya ɗaya. Ubansa ne ya yi wa uwar Hajja kiɗa, shi kuma ya gada. Saura wata uku biki ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, hannun dama ya mutu, baki ya karkace. Bai bar magaji ba, 'ya'yansa duk sun kama wasu sana'o'in.

Ƙanwata ce ta fara kawo shawarar. Ta same ni a soro ina goge jita, ta durƙusa, idonta ya yi ja.

"Yaya, kai za ka kaɗa mata. In Hajja ba ta tashi ba, da wane ido zan shiga gidan mutanen nan?"

Mahaifinmu da aka kai masa maganar ya ce a tambayi mai abin. Na je na sami Hajja tana tsince guntayen turaren wuta a faifai. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago ba.

"Mijina," ta ce, "in ƙwaryar nan taka mai wutsiya ta kira ni, zan amsa. In ba ta kira ni ba, ka san ni, ba na tashi don ganin ido."

Na yi dariya na ce ta fara shirya zane. A raina ina cewa, abin da tsirkiya ɗaya ta yi, ina ga shida?

Washegari da hantsi na hau keke na tafi wurin Baba, can wajen Ƙofar Dawanau. Na same shi a jingine a zaure, kukumar na rataye a bango ta yi ƙura. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ce in matso. Da rabin bakin da ya rage masa ya rera mini taken. Ɗan gajeren abu ne, ya hau kaɗan, ya sauko. Sai ya yi shiru, ya daɗe, har na ɗauka ya gama. Sai ya ci gaba, ya sake yin shiru. Haka ya yi ta yi, gaɓa, shiru, gaɓa, shiru. Tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina, Allah sarki, ciwo ya cinye masa numfashi, ko 'yar wannan waƙar ba ya iya kai ta ƙarshe sai ya huta.

"Ka riƙe?" ya tambaye ni.

"Na riƙe, Baba. Ai ba shi da wuya."

Ya ce, "Haka ne, ba shi da wuya. Amma ka dawo da abar taka ka kaɗa in ji."

Na ce to, ban kuma koma ba. Me zan koma yi? Kiɗan da na ɗauke a ji ɗaya? Abin da na zauna na yi shi ne gyara, a ganina. Na haɗe gaɓoɓin nan wuri ɗaya, duk inda tsoho ya tsaya na cike shi da gudun yatsu, hawa da sauka, na yi masa ado ta ko'ina. Kwana uku ina kai. Da na kaɗa wa abokaina a Sabon Gari sai da suka miƙe tsaye, ɗaya ya rantse bai taɓa jin hannu irin wannan ba a garin nan. Na kwanta ina tunanin yadda mahaifina zai ji labari a kasuwa.

Ran yini gida ya cika har soro. Ƙamshin turaren wuta da humra ya tokare ko'ina, matan danginmu sun sha lafaya, dangin ango daga Zaitawa sun zauna a gefe guda a kan tabarmi, uwar ango a gabansu. Ƙanwata na tsakiya a lulluɓe. Hajja na kan 'yar kujerarta a ƙofar ɗaki, ta ɗaura zanen nan mai dogon baki da ake ja a ƙasa, wanda ban taɓa ganin ta fito da shi daga adaka ba. Na kafa lasifikata a gindin dalbejiya, na jona ta da batirin mota. Baba ma an kawo shi, don Hajja ta ce ko ba zai kaɗa ba a zaunar da shi inda ya saba zama. Aka jingine shi kusa da ni.

Na yi bisimilla na saki hannu. Wallahi ranar yatsuna sun yi mini biyayya, ko sau ɗaya ban yi tuntuɓe ba. 'Yan mata suka ɗauki shewa, wata ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Na kai ƙarshe na ɗaga kai ina jiran in ga Hajja a tsaye.

Ko gezau. Tana zaune, hannuwanta a kan cinya, tana kallon ƙasa.

Na ce wataƙila ba ta ji sosai ba, kunnen tsufa. Na ƙara murya, na sake, na kuma ƙara sauri. Wannan ita ce wautar da har yau in na tuna nakan rufe ido: abin da ya ɓata lamarin shi na riƙa ƙarawa a matsayin magani. A zagaye na biyu shewar ta ragu. A na uku babu mai shewa sam. Na ga matan Zaitawa suna haɗa kai suna raɗa. Na ga uwar ango ta gyara mayafi, ta miƙa ƙafa tana laluben takalminta. Na dubi ƙanwata, ban ga fuskarta ba, amma lulluɓin yana rawa, na san kuka take. Haushin Hajja ma ya kama ni, na ce a raina ashe gaskiyar mutane ce, tsohuwar nan ba ta son auren, ni take so ta kunyata.

Ina shirin shiga na huɗu sai na ji hannu ya faɗo a kan tsirkiyoyin. Hannun hagun Baba ne, mai lafiyar. Lasifika ta yi wani gurnani ta yi tsit.

"Wa kake kira?" ya ce, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

"Hajja mana, Baba."

"To ina ka bar mata wurin amsawa? Wuraren da na yi shiru, ina ka kai su?"

Na ce, "Na ɗauka numfashi ne ya gaza maka."

Rabin bakinsa ya yi wani abu mai kama da dariya. "Shekara arba'in ina yin shirun nan da lafiyata, ɗan nan. Kiɗan nawa ne, shirun nata ne. A nan take sa ƙafa. Kai ka kaɗa naka, ka haɗa da nata ka cinye."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba bai bar ni na tsaya jin kunya ba, ya ɗora hannun a kan gwiwata ya ce, "In na danna ka tsaya. In na saki ka tafi. Maza, kafin matar nan ta sami takalminta."

Na rage murya. Na kaɗa gaɓar farko yadda ya rera mini ita, tsirara, babu ado ko ɗaya. A sautin ƙarshe ya danna gwiwata. Ban taɓa yin aiki mai wuya irin na wannan tsayawar ba. Yatsuna suna ƙaiƙayi, sun saba da gudu, ga mutane sun zuba mini ido, ni kuma an ce kada in yi komai. Sai na riƙe sautin kawai, na ɗan tura tsirkiyar sama da yatsa yadda za ta yi kuka irin na kukuma. A nan na fara jin abin da jitar lantarki ke iya yi wanda shekara huɗu ina riƙe da ita ban taɓa ba ta dama ba. Sautin bai mutu nan take ba. Ya miƙe, ya yi ta tafiya shi kaɗai a tsakar gidan, yana sirancewa a hankali har ya ɓace. Bayansa gidan ya yi shirun da har ana jin garwashin kasko yana ƙara.

Baba ya saki. Na kaɗa gaɓa ta biyu. Ya danna.

A cikin wannan shirun ne na ji ƙarar warwaro. Hajja ta dafa gwiwa ta miƙe.

Ba rawa ba ce irin wadda na sani. In ina kaɗawa tana tsaye cak, kanta a sunkuye, tana saurare. In na tsaya sai ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye, bakin zanen ya biyo ta a ƙasa, sannan ta ambaci suna. Da farko ban gane ba. Sai a taku na uku na ji sunan da na sani, na uwar Hajja. Ashe matan gidanmu take kira, waɗanda aka fitar da wannan taken, ɗaya bayan ɗaya, tun daga waɗanda aka aurar a Borno kafin a zo Kano. Kowane shiru na mace ɗaya ne. Waɗannan ne na bi na cike da gudun yatsuna, ina ganin gyara na yi.

Tana matsowa sunayen suna zama na waɗanda na sani, gwaggonnina, 'yan'uwan mahaifina. Saura taku biyu ta isa wurin amarya, na kaɗa, Baba ya danna, Hajja ta ɗaga ƙafa ta ajiye, ta kira sunan mahaifiyarmu. Muryarta ta karye a tsakiyar sunan. Ni ma ban san lokacin da hawaye ya zubo mini a kan jitar ba, kuma da Baba ya saki gwiwata sai da ya ɗan girgiza ni kafin na iya ci gaba. A shiru na ƙarshe ta tsaya a kan ƙanwata, ta kira sunanta da ƙarfi yadda kowa zai ji, ta sunkuya ta kamo hannunta.

Uwar ango ta taso babu takalmi. Hajja ta sa hannun yarinyar a nata ta ce, "Ga ta nan. A gadona ta kwana shekara goma sha tara, ban taɓa jin ta yi mini ƙarya ba." Matar ta rungume su duka biyun, guɗa ta kaure ta ko'ina.

Da Hajja za ta koma kujerarta ta biyo ta gabana. Ta kwance bakin zane ta ɗauko goro ɗaya fari ta ajiye a kan lasifikata.

"Mijina," ta ce, "da ka fara ɗazu, na ɗauka 'yan siyasa ne suka shigo mana gida."

Bayan nan fili ya buɗe, 'yan mata suka ce su fa kiɗan farko suke so. Na ba su shi har da ƙari, na saki hannu iyakar iyawata, suka taka har ƙura ta tashi, Hajja na zaune tana dariya tana kaɗa kai. Baba ma na ga yana buga hannunsa mai lafiya a cinya. Ashe saurin ba laifi ba ne, wurinsa ne ban sani ba. Mahaifina, na ji daga baya, yana tsaye a soro tun daga farko har ƙarshe. Da safe dai da na gaishe shi ya amsa har da tambayar gajiya, ya kuma ce in na karya in je in duba jikin Baba.

Na je, na kuma ci gaba da zuwa har Allah ya karɓi abinsa. Kiɗa kaɗan ya koya mini, yawancin karatun na inda ake tsayawa ne. Hajja ma ba ta ga wani bikin ba bayan wannan.

Yanzu samari kan zo mini da waya, su nuna mini makaɗan duniya masu hannu kamar ba na mutum ba, su ce, "Baba, wannan fa?" Nakan kalla da gaske, in kuma yaba, don na san yawan shekarun da mutum ke zubarwa kafin yatsu su kai haka. Amma nakan ce su sake sa mini, in rufe ido in saurara ko akwai inda ya bar wa mai ji wurin shiga. Wasu suna bari, kuma su ne nake komawa in sake ji. Wasu kuwa tun daga farko har ƙarshe labarin hannunsu suke ba ka.

Abin da ranar nan ta koya mini ke nan: iyawa taka ce, amma kiɗa ba naka ba ne kai kaɗai, akwai rabon wanda kake yi dominsa, kuma in ka cika ko'ina da kanka ba shi da inda zai tsaya. Na ga haka a kiɗa, na kuma gan shi a zance, da zaman aure, da renon 'ya'ya.

Har yau ni nake kaɗa taken gidanmu, ko da yake yatsun sun fara nauyi. Ƙanwar nan tawa ita ce babba yanzu, ita ke ɗaura zane mai dogon baki ta tashi. In ta zo kan sunan Hajja takan daɗe kafin ta iya furta shi. Ni kuma in danne hannuna a kan tsirkiya, in jira ta.